Hannun da Jiji Ta Sani

Ranar Alhamis aka haifi ƙanena, aka sa masa Khamiso, don mutanen garinmu ba sa wahalar da kansu wajen neman suna. Ni ce babba, Sughra. Na ba shi shekara shida, kuma ni na yi rainonsa har ƙuguna ya karkace. Baƙi ne wuluk tun ranar da ya faɗo. Matan da suka zo barka suka leƙa cikin zanen ajrak da aka ɗaura masa lilo da shi a jikin gado, ɗaya ta ce wa mahaifiyarmu, "Basran, a randar shuni kika tsamo wannan?"

Jiji, haka muke kiran mahaifiyarmu, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "A can na tsamo shi. Naku da kuka tsamo a ƙullun shinkafa, Allah ya raya muku."

Gidanmu gidan marina ne, kamar rabin gidajen unguwar. Ajrak muke yi, shuɗi da ja da ɗigo-ɗigon fari, wanda namiji ke ratayawa a kafaɗa, mace ta lulluɓa da shi, ranar ƙarshe kuma a rufa shi kan makara. Ana dangwala hatimin katako cikin kwaɓin ƙaro da farar ƙasa a buga a jikin yadi, duk inda kwaɓin ya zauna rini ba ya kamawa, sannan a tsoma a randa. Khamiso yana shekara tara Abbanmu ya kama hannunsa ya nutsa a randar shuni. Tun ranar hannun nan bai sake komawa kalarsa ba. Shuɗi ne har wuyan hannu, faratan baƙi ƙirin, ga warin baba da ba sabulun da ke iya masa. Ranar aurensa an sa masa lalle, ko alamarsa ba a gani ba.

Mutum ne mai tafiya da hankalinsa wani wuri. In an tsamo yadi daga randa kore yake fitowa, sai iska ta taɓa shi ya riƙa juyewa shuɗi a hankali, daga gefe zuwa tsakiya. Kowane marini ya ga wannan sau dubu ya daina kallo. Ban da Khamiso. Sai ya tsaya riƙe da yadin, ruwa yana ɗiga a ƙafarsa, baki a buɗe, har Abba ya kai masa duka a ƙeya. Wata rana yana yaro ya ce mini, "Adi," haka ake kiran yaya mace a wajenmu, "koren nan ina yake tafiya?" Na ce ya tafi gidan mutanen da ba su da aikin yi. Bayan shekara arba'in ya sake yi mini tambayar, da furfurarsa da komai.

Bayan sallar asuba marina suke sauka Kogin Sindu wanki. Maza su shiga ruwa har ƙugu, tururi yana tashi daga saman kogin, ba ka ganin kowa sai ƙarar bugun yadi a kan dutse, nan da can. In rana ta ɗaga a shanya zannuwan a kan rairayi, ɗaruruwa, har ka rasa inda za ka taka. Ni nake kai musu shayi da madarar ɓauna. Sau da yawa sai in tarar da shi kwance rigingine a tsakanin zannuwa masu ɗanshi, ido biyu, yana kallon sama. Ya ce yana jiran ya ga wanda zai riga bushewa, zanen ko gajimaren.

Rayuwarsa ba ta da hayaniya. Ya auri Hakiman, suka yi shekara goma sha ɗaya, Allah ya karɓi abarsa. 'Yarsu ɗaya ta yi aure can nesa. Abba ya rasu. Ni ma da mijina ya rasu na tattara na dawo gida, muka zama mu uku: ni, shi, da Jiji.

Gigin tsufa ya kama Jiji sannu a hankali, ga yanar ido ta rufe mata gani. Ni ta fara mantawa. Ni da nake mata wanka, nake taje mata kai, nake wanke mata tsumma, ta wayi gari tana ce mini maƙwabciya. "Ke maƙwabciya, ba ki da gida ne?" Wallahi ya yi mini ciwo, har yau yana yi. In na kai mata abinci sai ta kau da kai, wai ba ta cin na mutane. Amma da azahar ta yi, Khamiso ya shigo daga marina, sai ta gyara zama. Ya gutsuttsura gurasar garin shinkafa a cikin kindirmo, ya zauna a bakin gadonta, ya riƙa ba ta loma-loma. Tana ci tana yi masa faɗa, wai ya daɗe a kogi, Abbansa zai zane shi. Shekara huɗu ba ta ci abin kirki daga hannun kowa ba sai nasa.

Yana da shekara hamsin da biyu ciwo ya zo. Gajiya ta fara, sai zufa, sai ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi. Gefen cikinsa na hagu ya yi tauri ya kumbura. Mai maganin gargajiya ya ce saifa ce, ya ba shi jiƙo, ba ta sauka ba. Na sa shi gaba muka hau bas zuwa Haidarabad. Aka ɗebi jini, aka soke shi a ƙashin ƙugu, aka ce mu dawo bayan mako biyu.

Likitar, Dakta Shahnaz, yarinya ce, a haife na haife ta, amma ta san yadda ake wa manya magana. Ta kira shi Ada, wato yaya, ta ce, "Ada Khamiso, sankarar jini ce, sai dai irin mai tafiya a hankali."

Ni na ɗora hannu a ka. Shi yana kallon labulen tagarta, na san a ransa rinin yake kushewa.

Ta ajiye wata ƙwaya a kan tebur, 'yar ƙarama, kalar ɓawon lemo. Ta ce, "A ɓargo ake yin jini. Wani abu ɗaya ya lalace a naka, yana ta ba da umarni a yi fararen ƙwayoyin jini ba tsayawa. Wannan maganin ba ya bin jiki yana ƙona mai laifi da marar laifi. Wuri ɗayan nan yake nema, ya zauna a kansa ya toshe."

Khamiso ya juyo. Ya ce, "Kamar ƙaro ke nan. Inda muka buga ƙaro, rini ba ya kamawa."

Ta yi dariya ta ce, "Ka fi ni iya bayani. Sai dai naku ƙaron sau ɗaya ake bugawa, nawa kullum ne. Ɗaya a rana, da abinci, da ruwa kofi cike. Ka riƙe ta, za ka tsufa har ka ishi yayarka. Ka sake ta, ciwon zai farka, kuma ba kullum yake yarda ya koma barci ba."

Maganin ya yi aiki, ba ƙarya. Da safe idanunsa sukan kumbura, wani lokaci jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, amma cikin wata biyu ciki ya sauka, ya koma cin abinci kamar ɗan dako.

Nan ne na yi nawa kuskuren, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Unguwa gaba ɗaya ta yanke hukunci cewa shuni ne ya shiga jininsa. Tsofaffin marina da kansu suka faɗa: shekara arba'in hannu yana cikin randa, ina ake so rinin ya tafi? Ban tambayi likita ba, don me zan tambaya abin da kowa ya sani? Na tsaya a ƙofar gida na rantse in ya sake taɓa randa sai na bi su da taɓarya ɗaya bayan ɗaya. Khamiso ba ya musu. Ya koma shagon ɗan kawunmu yana ninke zannuwan da wasu suka rina.

Shuɗin hannunsa ya fara kwaranyewa. Ya koma toka-toka, sannan sababbin farata suka fito fari tas kamar na malamin makaranta. Abin da ba mu zata ba, fuskarsa ma ta fara washewa. Mutumin da aka haifa baƙi wuluk ya koma kalar shayi mai madara da yawa. A teburin mai shayi aka samu abin yi.

"Khamiso, wane sabulu ne? Faɗa mana, mu ma muna da mata."

"Ku rabu da shi, sabon aure zai yi, ya ɓoye mana."

Har wata Naziran ta zo mini da farantin dabino, tana ta kame-kame, wai ko zan sam mata ƙwaya uku, za a zo ganin 'yarta ranar Juma'a. Na ce, "Maganin sankara kike roƙa wa 'yarki? To tsaya in haɗa miki da sankarar, ai tare suke zuwa." Ta fita ba ta ko ɗauki farantin ba, muka cinye dabinon.

Muna cikin dariyar nan wata azahar ya shigo da kwanon kindirmo, ya zauna a bakin gadon Jiji kamar kullum. Ya miƙa loma. Ta dubi abin da ke gabanta, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ta ce, "Maƙwabciya, wane ne wannan namijin a ɗakina?"

Ya ce, "Jiji, ni ne. Khamiso."

"Khamiso yana kogi."

Muka ɗauka na ranar ne. Washegari haka, jibi haka. Ba ta zaginsa, Jiji ba ta wulaƙanta baƙo. Sai ta ce masa ya ajiye, Allah ya saka, ɗanta yana hanya. Ta zauna tana fuskantar ƙofa har la'asar. Abin da take yarda ya shiga bakinta shayi ne, in na ajiye na fita, da ɗan abin da ta tsakura in yunwa ta ci ƙarfinta. Cikin wata guda awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Wani lokaci ta ce ta ga jirgin ruwa ya wuce ta tsakar gida cike da zannuwa, Khamiso yana tsaye a kai, ta kira shi bai ji ba.

Kowa ya ce fuskar ce. Ni ma na ce fuskar ce. Ta haifi baƙin ɗa, an kawo mata fari, ina laifinta?

Bayan kamar wata ɗaya da rabi sai na ga duhu yana dawo masa, daga goshi da gefen kunne. Ni shashasha har da murna. Na ce, "Ka gani? Jikinka ya saba da maganin." Ya ce, "Haka ne, Adi," bai dube ni ba. Kullum ya je ya durƙusa gaban Jiji a inda hasken taga yake, ya kai fuskarsa kusa da tata, ya jira. Ita kuwa ta ja mayafi.

Ranar da na gane, wanki nake yi. Na ɗauko ajrak ɗin da yake ratayawa, na ji ƙulli a gefensa, irin wanda tsofaffi ke ɗaure taba a ciki. Na kwance. Ƙwayoyin nan masu kalar lemo suka zubo a tafin hannuna, suka cika shi, wasu suka gangara ƙasa. Kullum a gabana yake kai hannu baki ya kora da ruwa. Ashe ruwan kawai yake sha.

Ban jira ya dawo ba. Na same shi a shago, gaban mutane, na zube su a kan zanen da yake ninkewa.

"Mene ne wannan?"

Ya tsura wa ƙwayoyin ido.

"Khamiso, da kai nake. Mutuwa kake so? Faɗa mini in daina wahalar dafa maka abinci."

Ya tattara su a hankali, ɗaya-ɗaya. Ya ce, "Na tambayi wani a layin asibiti. Ya ce in an daina, kala tana dawowa."

"Sankarar ma tana dawowa, ko wannan bai faɗa maka ba?"

"Ya faɗa."

"To?"

"Adi, ba ta ci. Ni ina da sauran jiki, ita ba ta da shi. Na ce in ba ta wata biyu ta gan ni, ta ci ta ƙoshi, sai in koma."

"To ta gan ka?"

Ya girgiza kai. Sai a lokacin na lura rigarsa ta jiƙe da zufa, ga shi a inuwa. Na zauna a kan tarin zannuwan mutane na yi kuka, na zage shi, na sake yin kuka. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, kuma, Allah ya yafe mini, ina jin kishi. Ni an manta da ni shekara huɗu, ban taɓa tunanin in ba da ko farce don a tuna ni ba.

Washegari muna Haidarabad. Dakta Shahnaz ta duba takardar jinin, ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce ciwon ya motsa, amma da alama bai yi nisa ba. Ya koma kan maganin yau ɗin nan, a sake gwaji bayan wata guda, in bai ji ba akwai wata ƙwayar da ta fi wannan ƙarfi. Ba ta yi masa tsawa ba. Ta tambaye shi dalili, ya faɗa mata.

Ta ce, "Hasken fatar daga maganin ne, yana yi wa wasu haka. Ba ni da yadda zan mayar maka da kalarka in bar maka ranka. Ɗaya za ka ɗauka."

Ni kuma don in nuna nawa ƙoƙarin na ce, "Likita, ni dai na yi abin da zan iya. Tun ranar farko na raba shi da randa, kada shunin ya ƙara shiga jinin."

Ta ce, "Wane shuni?"

Na yi mata bayani. Ta dube ni kamar yadda nake duban Naziran.

"Adi, wa ya ce miki rini ne ya kawo wannan? Manomi yana yin sa, mai shago yana yin sa, wanda bai taɓa ganin randa ba yana yin sa. In yana da ƙarfin aikinsa, ya yi aikinsa."

A bas ban buɗe baki ba har gida, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka yi hanyar. Shi yana jingine da taga yana kallon gonakin ayaba suna wucewa. Da yamma ya sha ƙwayarsa a gabana, na sa ya buɗe baki ya ɗaga harshe kamar yaro. Ya zaɓa ke nan, mu duka mun san abin da ya bari.

Da asuba na ji fitarsa. Ban hana ba, da wane bakin? Da hantsi na kai shayi marina, na tarar da shi tsugune a bakin randa, hannu biyu a ciki har gwiwa. Ya tsamo yadi, kore shar, ya ɗaga shi sama. Iska ta taɓa shi. Ya tsaya yana kallo, ruwa yana ɗiga a ƙafarsa. Na ajiye shayin na juyo.

Da azahar ya shigo. Ba don yana sa rai ba, sai don ya saba, ya gutsuttsura gurasa a kindirmo ya je ya zauna a bakin gado. Jiji tana fuskantar ƙofa. Ya miƙa loma, kansa a sunkuye.

Na ga hancinta ya motsa. Ta sauke ido kan abin da ke gaban bakinta. Ta sa hannu biyu ta kama hannun nan, shuɗi har wuya, ta juya shi, ta shafa faratan da babban yatsa, ta kai shi hanci. Fuskarsa ko kallo ba ta yi ba. Ina tsaye a bakin ƙofa na tuna shekara nawa ke nan da yanar nan ta rufe mata ido, iyakar ganinta tsawon cokali. Mu muna ta fama da fuska, ita hannu take jira, hannun da ni na wanke.

Ta ce, "Sai yanzu? Wane irin wanki ne wannan?"

Da ƙyar ya ce, "Zannuwan ne da yawa, Jiji."

Ta buɗe baki ta karɓa. Ta karɓi ta biyu, ta uku. Ta cinye kwanon tas, tana riƙe da wuyan hannunsa kada ya sake tafiya. Da ta gama ta jawo shi kusa, ta rage murya.

"Akwai wani bawan Allah da ke zuwa nan kullum da ba ka nan. Mai farin hannu. Ya yi ta kawo mini abinci, ban ci ba, amma mutumin kirki ne. Ba shi da lafiya, Khamiso, ina jin numfashinsa. In ka gan shi ka ce ya nemi magani ya sha, kada ya yi wasa."

Ya ce, "Zan faɗa masa."

"Kar ka manta. Kai da mantuwa."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙwayar ranar. A tsakiyar shuɗin tafinsa ta yi ɗas. Ya ɗan gutsuri gurasar da ta rage ya ci, ya waiga yana neman abin korawa. Jiji ta ɗaga kai wajen da nake tsaye.

"Ke maƙwabciya, kina tsaye kina kallo? Kawo wa ɗana ruwa."

Na je na ɗebo. Kofi cike, yadda likita ta ce.